Mai hoda ko mai iska: wace tukunyar kashe gobara ta dace da shago da gidan haya a Jos?

Wanda ya shiga wurin masu sayar da kayan kariya a Jos ya ce yana son tukunyar kashe gobara, galibi iri biyu za a ajiye masa a gaba. Dukansu jajaye ne. Ɗaya tana da ɗan agogo a wuya, da siririn tiyo, da shuɗin tambari a jiki: ita ce mai hoda. Ɗayar ba ta da agogo, bakinta baƙin mazurari ne mai faɗi, tambarinta baƙi, kuma ta fi nauyi a hannu: ita ce mai iska, wadda aka rubuta wa CO2. Mai hoda ta fi araha, shi ya sa aka fi ɗaukarta. Wasu kuma sukan zaɓi mai iska saboda an ce musu ba ta ɓata kaya. Duka maganganun biyu gaskiya ne, amma ba su isa a yanke shawara a kansu ba. Abin da ya kamata ya yanke shawarar shi ne kayan da ke jibge a ɗakin da za a rataye tukunyar, da faɗin ɗakin, da mutumin da zai ɗauke ta ranar da abu ya faru.

Mutumin Jos ba sai an yi masa dogon bayani a kan gobara ba. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002, kuma kangonta ya daɗe a tsakiyar gari kowa na gani. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016, kasuwar Monday ta Maiduguri kuma a Fabrairun 2023. Dukansu da rani ne, lokacin da komai ya bushe ƙamas, iska na kaɗawa. Mu a nan muna da ƙari a kan wannan, wato sanyi. Daga Disamba zuwa Janairu gidaje na cika da hita da kaskon gawayi, ana jona abubuwa uku ko huɗu a soket ɗaya, a ɗauke wuta mutum ya fita bai kashe komai ba, a dawo da ita ba kowa a ɗakin.

Sai dai a san iyakar abin tun farko. Tukunyar kashe gobara makamin minti na farko ne ko na biyu. Mai hoda mai kilo 6 tana ƙarewa cikin sakan 15 zuwa 20. Mai iska mai kilo 2 ba ta wuce kusan sakan 10. 'Yar ƙaramar nan mai kilo 1 da ake saya don mota, saboda jami'an kiyaye haɗurra na tambayarta a hanya, ko sakan 10 ba ta kaiwa, kuma abin damuwa ne yadda ake ganinta rataye a shagon da ke cike da kaya har rufi. Idan wuta ta kama silin, ko hayaƙi ya cika ɗaki, to maganar wace tukunya ce ta ƙare, saura fita da kiran 'yan kwana-kwana.

A jikin kowace tukunya akwai haruffa, kuma su ne ke faɗin irin wutar da za ta iya. Harafin A na nufin wutar abin da ke ƙonewa ya bar toka: katako, takarda, yadi, katifa, kwali. B wutar abu mai ruwa-ruwa ce: fetur, kananzir, dizal, fenti. C kuwa akwai ɗan ruɗani a kanta, saboda kayan da ke shigowa ƙasar nan ba daga wuri ɗaya suke ba. A tsarin Ingila da Turai, wanda shi aka fi bi a Najeriya, C iskar gas ce irin ta girki. A tsarin Amurka C wutar lantarki ce. Don haka kada a dogara da harafin kaɗai, a dubi ƙananan hotunan da ke kusa da shi. Akwai kuma F, wadda Amurkawa ke rubuta wa K, ita ce wutar man suya, kuma za mu zo kanta domin ita ce wadda duka tukwanen biyu suka gaza a kai.

Mai hoda ta gari za ka ga an rubuta mata ABC. Hodar da ke ciki dangin takin zamani ce mai fosfet. Idan ta faɗa kan harshen wuta tana yanke shi nan take, idan kuma ta sauka kan katako ko yadi mai zafi sai ta narke ta lulluɓe shi, iska ta kasa kai masa. Tana kaiwa nisan mita 4 zuwa 6, wato mutum zai iya tsayawa nesa da zafi ya fesa. Ba ta ɗaukar lantarki. Iskar waje ba ta kwashe ta da sauƙi yadda take kwashe CO2. Mafi muhimmanci a ganina, tana yafe wa wanda bai ƙware ba: yaron shago da hannunsa ke rawa, ko mai gadi da ya farka a firgice, ko da bai saita daidai ba hodar za ta rufe wuri mai faɗi. Akwai wata mai kama da ita da aka rubuta wa BC kawai, hodarta soda ce, ba ta narkewa ta lulluɓe katako da yadi. Mai shagon kaya ya duba ya tabbata akwai A a jikin tasa.

Aibinta ma ba ƙarami ba ne. Hodar tana shiga ko'ina, cikin kwamfuta, cikin firinta, cikin injin ɗinki na zamani, cikin kwalayen wayoyin da ba a buɗe ba. Idan ta haɗu da danshi tana cin ƙarfe da wayoyin ciki, ta yadda na'urar da wuta ba ta taɓa ba za ta iya mutuwa bayan 'yan makonni. A ƙaramin ɗaki kuma tana rufe ido gaba ɗaya, mutum ya kasa ganin ƙofa, ga tari, ga shi wanda ke da asma abin ya fi yi masa tsanani. Sannan ba ta sanyaya abin da ya ƙone. Dilar gwanjo ko katifa ko tarin katako na iya mutuwa a sama alhali garwashi na ci a ciki, a rufe shago a tafi gida, tsakar dare wuta ta sake tashi. Duk wanda ya kashe irin wannan wuta da hoda, ya tabbata an yanke lantarki, sannan ya fitar da abin waje ya bi shi da ruwa har ya jiƙe sharkaf.

Akwai kuma matsalar da ta shafi garinmu musamman. Daminar Jos doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma tukunyar da aka ajiye a ƙasa a kan siminti mai danshi gindinta na yin tsatsa. Hodar ciki ma idan ta daɗe ba a motsa ta ba tana dunƙulewa kamar buhun siminti da ya kwana a ruwa, agogo na nuna kore amma a matsa ba abin da zai fito sai iska. Maganinsa mai sauƙi ne: a rataye ta a bango, kuma duk wata a sauke ta a juya ta sama da ƙasa, a kara kunne a ji hodar na zuba a ciki.

Mai iska aikinta daban ne. CO2 ce aka matse har ta zama ruwa a cikin tukunya mai kauri, shi ya sa mai kilo 5 idan ta cika nauyinta kan kai wajen kilo 12 idan ta alminiyom ce, ta ƙarfe ma ta fi haka. Idan aka matsa, iskar na fitowa ta kore iskar da wuta ke rayuwa da ita, sai wutar ta shaƙe. Bayan nan ba ta barin komai, ba hoda, ba ruwa, ba tabo. Wannan shi ne dukan darajarta, kuma daraja ce babba ga mai sayar da wayoyi ko mai gyaransu a titin Ahmadu Bello, ga mai shagon buga takardu da hoto kusa da jami'a, ga ɗakin gwaje-gwajen asibiti, ga ofishin da ke da kwamfutoci, ga kowane allon rarraba wutar lantarki. A irin waɗannan wurare hoda na iya yin ɓarnar da ta fi ta ƙaramar wutar da aka kashe.

To amma dubi abin da ba ta iyawa. Ba a ba ta harafin A ba, domin da zarar iskar ta watse, kwali ko yadi mai zafi sai ya sake kamawa. Zangonta gajere ne, sai mutum ya matsa kusa da wutar kamar mita ɗaya zuwa biyu. A fili, a rumfar kasuwa ko garejin kanikawa irin na Farin Gada, iskar hunturu na kwashe ta kafin ta yi aiki. A ɗan ƙaramin ɗaki rufaffe kuwa akasin haka ne: iskar da ta shaƙe wuta tana shaƙe mutum, don haka ana fesawa ana ja da baya a fita. Tana fitowa da sanyin da ya kai kusan digiri 78 ƙasa da sifili, wanda ya riƙe mazurarin da tafin hannu fatarsa na iya ƙonewa da sanyi, sai dai a riƙe mariƙin da aka tanada. Ƙarar fitarta ma na razana wanda bai taɓa ji ba. Kuma tunda ba ta da agogo, ba yadda za a san ta zurare sai an ɗora ta a sikeli an gwada da nauyin da aka buga a wuyanta. Idan abin ciki ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, ta isa a sake cika ta.

Idan aka ce in zaɓi ɗaya tak ga yawancin shaguna, mai hoda ABC zan ɗauka, mai kilo 6 ko 9. Mai kayan masarufi, mai yadi, mai takalma, mai kayan gini da fenti, mai sayar da kayan gyaran mota, mai katako da mai hatsi a kasuwar Katako, duka kayansu na A ne ko B, kuma mai iska ba za ta fisshe su ba. Tsakanin kilo 6 da kilo 9, a yi la'akari da mai ɗauka. Mai kilo 9 idan ta cika ta kai wajen kilo 14. Idan Hajiya ce ke zama a shagon, ko dattijo, ko yara matasa, biyu masu kilo 6 sun fi ɗaya mai kilo 9 da ba wanda zai iya cira daga bango da sauri.

Mai kayan lantarki shi ne wanda bai kamata a ce masa ya zaɓi ɗaya ba. Shagonsa na da kaya iri biyu a haɗe: na'urori masu tsada, da kwalaye da ledoji da katakon shelf da ke kewaye da su. Ya rataye mai iska kusa da teburin aiki da wurin caji, ya rataye mai hoda a bakin ƙofa. Wuta ta tashi daga soket ko na'ura, mai iska ce ta farko. Ta tsallaka kan kwalaye, to a nan ceton shagon ya fi ceton wayoyin, sai a ɗauko mai hoda. Idan jarinsa bai kai ya sayi biyu rana ɗaya ba, duk da haka mai hoda zan ce ya fara saya, domin asarar wasu na'urori ta fi sauƙi a kan asarar shago da na maƙwabta.

Yanzu ga wutar man suya. Masu abinci, masu ƙosai da dankali, masu soya kaji da kifi, da kowane kicin na gida, wutarsu ta fi yawa daga kasko ce. Mai ba ya kamawa da kansa sai zafinsa ya haura digiri 300, kuma ko an kashe harshen wutar, muddin zafin bai sauka ba zai sake kamawa. Hoda ba ta sanyaya shi. Mai iska kuma ƙarfin fitarta na iya watso man mai ci a jikin mutum da bango. Ruwa ya fi duka muni, domin yana nutsewa ƙarƙashin man ya zama tururi nan take, kuma ruwa idan ya zama tururi yana kumbura kusan ninki 1,700, sai ya yi sama da man yana ci. Wannan kuskuren ya ƙona mata da yawa a fuska da hannu, kuma har yanzu hannu na fara kaiwa ga bokiti ne. Abin da ya dace a nan bargon kashe wuta ne, wani ƙyalle mara cin wuta da ke zuwa a cikin 'yar jaka ana rataye shi a bango, kuma ba shi da tsada. A kashe murhu, a lulluɓe kaskon, a bar shi a rufe aƙalla rabin awa ba a ɗaga ba. Murfin ƙarfe da ya rufe kaskon ruf shi ma yana yi. Babban gidan abinci mai manyan tukwanen suya ya nemi tukunya ta musamman mai tambarin rawaya da harafin F, wadda ruwan cikinta ke haɗuwa da mai ya zama kumfa mai kauri a samansa.

Wutar gas kuma ƙa'idarta ɗaya ce, a rufe kan silinda. Mai hoda na iya kashe harshen, amma idan gas na ci gaba da fita ba wuta, hatsarin ya ƙaru, don ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya taru har ya sami tartsatsi. Silindar ma tana da wa'adi: hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta sa shekara 15, kuma ana buga shekarar ƙira a jikinta.

Gidan bene na haya shi ne inda na fi son a tsaya a yi tunani, domin a nan shawarar da na bayar ta shago ba ta zauna daidai ba. Yawancin benayenmu matakala ɗaya gare su, ƙuntatacciya, wani lokaci ba taga. Wanda ya fesa kilo 9 na hoda a irin wannan matakala da dare ya rufe wa na sama ido a kan hanyarsu ɗaya tilo ta fita, ga yara, ga tsofaffi. Saboda wannan dalilin ne ma'aunin Ingila ya daina ba da shawarar mai hoda a cikin gini rufaffe sai da wani dalili na musamman. Mai iska ma ba ta dace da nan ba, don abin da ke ci a gidaje kujeru ne da labule da katifu. Abin da ya fi dacewa a matakala shi ne iri na uku, mai kumfa, wadda tambarinta ruwan madara ne, ko kuma mai ruwa zalla. Mai kumfa na kashe A da B, tana sanyayawa, ba ta rufe ido. Sharaɗinta shi ne a yanke lantarki tukuna, don haka dole kowane ɗan haya ya san inda babban makunnin gidan yake, kuma kada a kulle shi da kwaɗon da mabuɗinsa ke aljihun mutum ɗaya. Mai hoda sai a kai ta inda janaretoci da jarkokin mai suke, da wurin ajiye motoci. Mai iska ƙarama kuma kusa da mitoci. Idan mai kumfa ba ta samu ba, ko ba mai cika ta a kusa, mai hoda a kowane hawa ta fi babu nesa ba kusa ba, amma a gaya wa mutanen gidan a bar na sama su sauko kafin a fesa a matakala.

Ma'aunin da aka saba bi shi ne kada mutum ya yi tafiyar da ta wuce mita 30 kafin ya kai ga tukunya, a rataye ta a kan hanyar fita, mariƙinta kamar mita ɗaya daga ƙasa. Dalilin sa ta kusa da ƙofa shi ne mai fesawa ya kasance ƙofa na bayansa. Tukunyar da aka tura can ƙuryar shago bayan kwalaye, ko aka kulle a sito don kada a sace, ba ta da amfani ga kowa.

Bari in ɗan kauce, don zuciyata ba za ta bar ni in wuce ba. A gidan kwana, abin da ya fi kashe mutane hayaƙi ne, suna barci, kafin wuta ta iso su. Ba tukunyar da ke tashin mai barci. 'Yar na'urar nan mai batir da ake mannawa a silin, wadda ke ihu idan ta ji hayaƙi, kuɗinta bai kai na tukunya ba, kuma mai iyali da zai sayi abu ɗaya kacal don ɗakunan kwana, ita zan ce ya fara saya. Haka ƙarafunan taga. Kowa ya san dalilin da ya sa muke sa su a Jos, ba wanda zai ce a cire. Amma a kowane gida a sa maƙeri ya mayar da na taga ɗaya mai buɗewa, mabuɗin na rataye a ciki inda babba zai kai hannu cikin duhu. Kaskon gawayi kuma kada ya kwana a ɗaki rufaffe komai sanyi, don iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa ba tare da wata gobara ba.

Sola ta shiga gidaje da shaguna da yawa, ta zo da nata hukuncin. Wutar da ta tashi a inbata ko wayoyinta, mai iska ce ta dace da ita. Batirin lithium kuwa idan ya fara ci daga ciki, hoda da iska na iya kwantar da harshen na ɗan lokaci amma ba su tsayar da zafin da ke ƙaruwa a cikinsa, yana sake tashi, hayaƙinsa kuma guba ne. Wannan aikin 'yan kwana-kwana ne, a fita a ja ƙofa. A tuna kuma farantan da ke kan rufi na ci gaba da ba da wuta muddin akwai rana, ko an kashe komai a ƙasa. Batura ba wurinsu ba ne ƙarƙashin matakala, ko da yake nan ne aka fi ajiye su.

Ta fuskar doka, abin ya rabu hawa-hawa. Hukumar kashe gobara ta tarayya na aiki ne da dokar 1963, jihar Filato kuma na da tata hukumar. Akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006 da kundin kariya daga gobara na 2013, waɗanda suka yi magana a kan hanyoyin fita da kayan kashe wuta, sannan dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta wa masu masana'anta tanadin kayan kashe gobara da hanyar tsira ga ma'aikata. A Jos da Bukuru hukumar raya birnin Jos, JMDB, ce ke amincewa da zanen gini, kuma wanda zai gina bene ko rukunin shaguna, lokacin zane ne ya fi sauƙin ƙara matakala ta biyu, ba bayan an zuba kankaren benen ba. Jami'in kashe gobara da ya zo duba wuri ba launin tukunya kaɗai yake kallo ba. Yana duba ko irinta ya dace da kayan da ke wurin, ko tana inda za a kai gare ta, da ranar da aka yi mata sabis na ƙarshe. Mai gini ko shugabannin kasuwa na iya zuwa ofishin hukumar kashe gobara su nemi a zo a duba musu kafin su kashe kuɗi, kuma hakan ya fi a saya bisa maganar mai sayarwa kaɗai. A nan ne kuma za a karɓi lambar tashar da ta fi kusa a ajiye a waya, a haɗa da 112 ta gaggawa ta ƙasa.

Abin da masu gidajen haya da yawa ba su sani ba shi ne inshora. Sashe na 65 na dokar inshora ta 2003 ya wajabta yi wa ginin jama'a inshorar gobara da rushewa da ambaliya, kuma ma'anar ginin jama'a a dokar ta haɗa da gidan da 'yan haya ke ciki, da masaukin ɗalibai, da duk inda mutane ke shiga don ciniki ko karatu ko magani. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta maye gurbin waccan, amma wajabcin na nan. Wanda ke da damuwa ta addini a kan inshorar da aka saba, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisin hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM. Alaƙar wannan da zaɓin tukunya ita ce wasu takardun inshora na ɗauke da sharaɗin a ajiye kayan kashe gobara masu aiki, ana yi musu sabis. A karanta sharaɗin kafin a sa hannu, kuma a adana rasiɗin saye da na sabis a wani wuri da ba cikin ginin ba.

Wa zai biya, mai gida ko ɗan haya? Ra'ayina, abin da ke matakala da harabar gida da ɗakin mitoci na mai gida ne, ko a sa shi cikin kuɗin hidimar da ake tarawa. Bargon kicin da na'urar hayaƙi na ɗan haya ne. A rubuta shi cikin yarjejeniyar haya. Ɗan haya ba zai yi laifi ba idan ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, kafin in biya ina son mu yi maganar tukwanen gobara da ƙofar baya." Mai gidan da ya san ciwon dukiyarsa zai ji daɗin tambayar, don gininsa ake tsarewa.

Saura maganar jabu, wadda ke iya rushe duk abin da aka faɗa a sama. Araha ba ta ado. Akwai tsofaffin tukwane da ake sake wa fenti a sayar a matsayin sababbi, akwai waɗanda ake cikawa da hodar da ba ta kai ba, ko a cika rabi. A nan mai iska ta ɗan fi sauƙin ganewa, tunda sikeli ba ya ɓoye komai. Mai hoda kuwa agogonta matsin iskar ciki kawai yake nunawa, bai san abin da aka zuba ba. Wajen saye a duba shekarar ƙira da aka buga a ƙarfen, ba ta jikin takarda ba. A duba fil ɗin da hatiminsa ba a tsinke ba, tiyo bai tsage ba, gindi ba tsatsa ko alamar walda. A ɗora ta a sikeli ita ma. A tambayi mai sayarwa, "Malam, idan ta ƙare ku ne ke cikawa, kuma kuna manna takardar sabis mai kwanan wata?" Wanda ba shi da amsa, a gwada wani shagon.

Sabis sau ɗaya ne a shekara. Mai hoda da mai kumfa ana zazzage su gaba ɗaya a sake cikawa bayan shekara 5, mai iska kuma ana gwada ƙarfin ƙarfenta bayan shekara 10. Wadda aka matsa ko sau ɗaya, ko na sakan ɗaya ne, ta tashi daga aiki sai an sake cika ta, domin hoda na maƙalewa a bakin bawul iskar ta zurare a hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ranar da za a kai tukunya cikawa kada a miƙa ta a cike. A tara yaran shago, ko matan gida da mai gadi, a fita fili nesa da gini, a kunna 'yar wuta a cikin rabin duro, kowa ya karɓa ya gwada: a zare fil, a saita bakin a gindin wutar ba a harshenta ba, a matsa, a riƙa kaɗawa dama da hagu, iska na bayan mai fesawa. Mutane za su ji nauyinta da ƙararta, su ga yadda take saurin ƙarewa. Mai ita zai ga ko abin da aka cika masa a baya na gaske ne. Mai cikawa kuma tukunya wofi za ta je masa, ba yadda zai goge ta ya canza takarda ya dawo da ita. A nemi ya ba da aron wata a rataye kafin ya dawo da ita, don kada bangon ya kwana ba komai.